Haɓar Hajiya Balkissa

Duk wanda ya zauna a Agege a farkon dawowar mulkin farar hula, in dai yana cin tuwo a waje, ya san Hajiya Balkissa. Rumfarta tana bayan layin dogo, tsakanin masu goro da wani Bayarabe mai facin taya. 'Yar Maraɗi ce. Ta zo Legas tana amarya da akwatin ƙarfe da tukwane biyu, ta fara da dambun zogale a faranti, kafin a ankara ta kai ga rumfa mai bencina da mata masu tuƙa mata tuwo. Yarbanci a bakinta kamar a Ibadan aka haife ta, amma in ranta ya ɓaci sai Hausar Maraɗi ta dawo, haɗe da guntattakin Faransancin da ta tsinto a lakwal, makarantar bokon can, kafin a cire ta.

Murya Allah ya ba ta. In jirgin ƙasa ya zo wucewa kowa kan yi shiru ya jira, ita kuwa sai ta ƙara sauti ta ƙarasa zancenta. Direbobin manyan motoci daga Ijora suke tasowa su ci tuwonta su sha faɗanta, kuma ban san wanne ya fi kawo su ba. Mijinta, Malam Ƙasimu, turare da carbi yake sayarwa a ƙofar masallacin layinmu. Ɗan siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, wanda in ya yi sallama sai ya maimaita kafin a ji.

Kowa a unguwa Hajiya Tantabara yake ce mata. Ita a tunaninta saboda tafiyarta ce, yadda take taku tana rangaji, don haka har ta sa mai fenti ya zana mata tantabara a allon rumfa. Babu wanda ya taɓa gyara mata wannan fahimta, domin babu wanda ya gaji da cin tuwo.

Bidiyo ne ya tona asiri. A shekarar 2001 ƙawarta Alhaja Mulikatu, Bayarabiya mai sayar da leshi, ta aurar da 'yarta, aka ɗauko mai ɗaukar bidiyo. Da kaset ya fito sai mata suka cika falon Alhaja don kallo, Balkissa a kujerar gaba tana yi wa kowa sharhi: wannan ɗaurin ɗankwalin aro ne, waccan ta ci abinci sau biyu. Can sai na'urar ta tsaya a kan wata mata daga gefe, tana tauna nama. Fuskar matar daga leɓen ƙasa sai kawai ta gangara ta shige wuya, babu wani tudu a tsakani.

Balkissa ta yi dariya ta ce, "Wannan kuma wace ce, wuya kamar na tantab..."

Ba ta ƙarasa ba, domin matar cikin talabijin ta juyo, ga leshin Balkissa, ga sarƙar Balkissa, ga haƙorin Makkan Balkissa. Wata ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali daga Abule Egba ta zo.

Shekara arba'in da ɗoriya tana duba madubi, amma madubi gaba yake nunawa. Mai hoto ma gaba yake cewa a kalla. Ranar ta koma gida ta haɗa madubai biyu ta daɗe a tsaye. Da Malam Ƙasimu ya dawo daga sallar magariba ta tare shi.

"Malam, dube ni da kyau. Ina haɓata?"

Ya duba. Ya ce, "Ga ta nan, Hajiya. Haɓa kamar ta kowa."

"Kamar ta wa? Faɗi mutum ɗaya."

Ya shafa gemunsa ya yi ta tunani, bai samo kowa ba, sai ya tambaya ko akwai sauran miya.

Alhaja Mulikatu ce ta kawo maganar likita. Ta ce akwai wani a wani asibitin kuɗi a Ikeja, ya yi karatu a waje, yana ƙara wa mutum abin da ya gaza ya rage abin da ya yi yawa. Ita kanta an taɓa rage mata wani abu, amma ba ta faɗi ko mene ne ba. Suka tafi tare. Likitan ya juya fuskar Balkissa dama da hagu, ya fito da wasu 'yan robobi farare masu lanƙwasa kamar ɓawon lemo, ƙarami da matsakaici da babba, ya ce ɗaya daga ciki za a ɗora a kan ƙashin haɓa. Balkissa ta tambaya ko farashinsu ɗaya. Da ya ce ɗaya ne, ta nuna babban. Likita ya ce in ya sa mata wannan, haɓarta za ta riga ta shiga ɗaki. Da ƙyar suka daidaita a kan matsakaicin.

"Bon," in ji ta. "Aikin zai ɗauki wane lokaci?"

Ya ce ba zai kai awa guda ba. Daga nan ya shiga bayanin abin da zai biyo baya: kumburi, ɗauri, abinci mai ruwa-ruwa, leɓe da zai mutu na wani lokaci, da cewa sai an yi watanni kafin a ga ainihin siffar. Alhaja tana fassara mata inda Turancin ya yi kauri. Balkissa ta saurara irin sauraron da take yi wa wa'azin rediyo in tana yanka albasa. Abu ɗaya ta riƙe, bai kai awa guda ba. Ranar aikin ta ce wa masu tuƙa mata tuwo kada su sauke miya, za ta dawo kafin la'asar ta ɗanɗana gishiri. Malam Ƙasimu kuwa ta ce masa haƙori za a cire mata.

A zancen awa guda dai, likita bai yi ƙarya ba. Allura aka yi mata wurin ya mutu, aka ƙara mata wata da ta sa jikinta ya saki, aka tsaga ta cikin baki, ƙasan leɓe, don kada tabo ya fito a waje. Tana jin ana ja ana turawa, ba zafi. Abin da ya fi damunta shi ne likita da nas suna ta hirar sabbin wayoyin hannu da suka shigo gari a lokacin, nas ɗin tana faɗin abin da Balkissa ta san ba daidai ba ne, ga baki a buɗe amma ba halin gyara mata. Kafin ta gama jin haushin an ɗinke, an naɗe mata kai da bandeji daga haɓa zuwa tsakar ka.

Da aka kira Malam Ƙasimu ya zo ɗaukar ta, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙunshin da aka ce matarsa ce. Alhaja ta ja shi gefe ta gaya masa gaskiya. A cikin tasi Balkissa ta damƙe wuyan hannunsa, ta matso da magana ta tsakanin haƙora.

"Ka rantse. Ba wanda zai ji."

Ya rantse. Shi dama bai saba yi mata gardama ba, balle yanzu da take kama da wadda ta faɗo daga saman motar danfo.

La'asar ta yi, ta wuce, ba a ɗanɗana gishiri ba. Washegari fuska ta hau. Kwana biyu zuwa uku ta kumbura har ido ya ƙanƙance, ƙasan muƙamuƙi ya yi baƙi-baƙi da ɗorawa-ɗorawa, ya gangara wuya. Haɓar da ta saya ta ɓace a cikin kumburi, sai ka ce an cusa mata mangwaro a ƙarƙashin fata. Leɓen ƙasa kuwa ya zama kamar na aro. In ta kai cokalin kunu baki, rabi ya shiga, rabi ya bi bandeji, ba ta sani ba sai ta ji ɗumi a ƙirji. An hana ta yaji, an hana ta goro, an hana ta duk abin da ake taunawa. Bayan kowane cin abinci sai ta kurkure baki da wani ruwan magani mai ɗaci saboda ɗinkin. Kwanciya sai a jingine da matasai uku. Sunkuyawa ma an hana, don haka a zaune take salla, tana ɗan duƙar da kai kamar mai gaisuwa da surukai. Matar da ke ciyar da rabin layin dogo ta koma shan koko da romon kaza da aka tace, kuma Malam Ƙasimu ne mai dafawa, mutumin da tunda aka haife shi bai taɓa sanin inda gishiri yake tsayawa ba.

Zaman ɗaki ya ishe ta tun kafin mako ya cika. Ta aika aka sayo mata niƙabi, ta rufe fuska ta fita rumfa. Nan take labari ya bazu cewa Hajiya ta zama ustaziya. Ta zauna a kujerarta ba ta ce wa kowa komai, sai nuni da ludayi. Direbobi suka ci tuwo a natse, suka biya, suka tafi ba daɗi. Wani ɗan Ijora ya ce shi tuwon ma bai ji ɗanɗanonsa ba tunda ba a zage shi ba. Zafin murhu ya sa fuskar ta ƙara hawa, dole ta koma gida.

A gida ne Saratu, maƙwabciyarsu, ta faɗo ɗaki ba sallama neman aron turmi, ta tarar da ita ba niƙabi. Ta ga baƙin da ya kwanta a wuya, ta ga ɗauri, ta ga miyau yana zuba.

"Hajiya, wa ya yi miki wannan?"

"Haƙori," in ji Balkissa, amma da mataccen leɓe abin da ya fito bai yi kama da kowace kalma ba.

Saratu ta juya ta dubi Malam Ƙasimu, wanda ke tsugune yana fifita kunu da murfin kwano. Ya sunkuyar da kai don kunya. Saratu ta fita ba ta ɗauki turmin ba. Kafin azahar Agege ta san cewa Malam Ƙasimu mai turare ya karya wa matarsa muƙamuƙi.

Abin da ya biyo baya ni kaina na gani, domin a majalisar ƙofar masallacin nake zama. Mata suka daina amsa gaisuwarsa, wasu har suna tofar da yawu in sun wuce teburinsa. Amma a cikin maza sai wani abu ya canza. Mutumin da shekara da shekaru yake zama a gefen tabarma, inda rana ke bugu, sai ga shi ana matsa masa zuwa tsakiya. Mai shayi ya fara ƙara masa madara ba a roƙa ba. Mutanen da da baki suke cewa abin bai dace ba, su ne suke kallonsa da wani sabon girma. Wani mahauci ya raɗa masa cewa dama an daɗe ana jira. Malam Ƙasimu bai taɓa cewa ya yi ba. Da an taɓo zancen sai ya ce, "Allah dai ya sauwaƙe," ya dubi nesa. Rantsuwa ta ɗaure shi, gaskiya ne, amma na lura ya fara yin sallama sau ɗaya ana ji, kuma bai mayar da madarar ba.

Ita Balkissa labarin ya iske ta, ta auna, ta ga a ce an doke ta ya fi mata sauƙi a kan a ce ta sayi haɓa. Ta bar zancen a haka ta ci gaba da shan kunu.

Abin ya lalace ne da ƙanenta Abdoulaye ya ji. Gadi yake yi a wani gida a Abule Egba, ƙato ne, kuma bai taɓa ganin Ƙasimu da gashi a ka ba. Ya hau okada da sandarsa ta aiki, ya sauka a ƙofar masallaci, ya kife teburin turare. Layin ya yi mako yana ƙamshi. Malam Ƙasimu ya shige cikin masallaci ya ɓuya a bayan ladan. Liman, Malam Hamidu, dattijo ne da ba ya son hayaniya, ya ce kowa ya hallara a zaurensa bayan la'asar, har da Hajiya.

Lokacin an kusa mako uku da aikin. An cire ɗauri, kumburin ya fara sauka, magana ta fara dawowa, sai dai duk harafin da ke buƙatar leɓe yana fita a gurguje. Zaure ya cika, waɗanda ba a gayyata ba suka tsaya a taga. Liman ya dubi Malam Ƙasimu.

"Malam, ka ɗaga hannu a kan iyalinka?"

Malam Ƙasimu ya dubi sandar Abdoulaye, ya dubi niƙabin matarsa. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, na yi rantsuwa."

"Rantsuwar me?"

"Rantsuwar ba zan faɗa ba."

Abdoulaye ya miƙe. Nan Balkissa ta ga in ta ƙara minti ɗaya za ta shiga takaba. Ta yaye niƙabin ta ajiye a cinya.

"Zauna, Abdou. Wannan bawan Allah ko sauro sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Ni na kai kaina. Haɓa na sa aka ƙara mini. Wala, ga ta nan, kowa ya kalla ya huta."

Aka kalla. Liman ya gyara tabarau ya ce a maimaita masa, bai gane ba. Alhaja Mulikatu, wadda ta zo ba a kira ta ba, ta yi bayani dalla-dalla da Hausarta ta kasuwa, har da kwatanta girman robar da yatsu. Wani ustazu daga taga ya ce wannan canza halittar Allah ne. Balkissa ta juya ta ce masa shi da ya sa haƙoran roba bara, halittar wa ya canza? Ya ce wannan lalura ce. Ta ce ita ma lalura ce, shekara ashirin tana ciyar da mutanen da ke yi mata dariya a bayan ido, har da shi, da ya fi kowa son ƙashin miya. Liman ya ɗaga hannu ya ce wannan mas'ala ce mai buƙatar a duba littattafai, kuma abin da aka riga aka ɗinke ba a zaurensa za a farke ba. Ya sa Abdoulaye ya ba mijin yayarsa haƙuri ya gyara masa tebur. Ya kuma tambayi Hajiya, a hankali, ko abin yana ciwo. Ta ce ciwon bai kai kunun Malam Ƙasimu ba.

Washegari aka mayar da Malam Ƙasimu gefen tabarma. Mahaucin nan har ya daina yi masa magana, kamar wanda aka yaudara. Mata kuwa suka dawo da gaisuwa, Saratu ta aiko masa da kwanon alala na ban haƙuri. Na tambaye shi ko ya ji haushin komawa rana. Ya ce a'a, tsakiyar tabarma surutu ya yi yawa.

Warkewar ta ci gaba a hankali, ba yadda Balkissa ta so ba. Wata guda ya wuce kafin ta iya tauna nama ba tare da ta tuna da ɗinki ba. Kullum da safe fuskar takan ɗan hau, zuwa yamma ta sauka, har masu tuƙa tuwo suka riƙa cewa Hajiyar safe daban, ta yamma daban. Murmushinta ya karkace na wani lokaci. Ta koma wurin likita ta yi masa faɗa cewa ya ce awa guda. Ya ce ya faɗi sauran, ita ce ba ta ji ba. Alhaja ta ba da shaida a kan ƙawarta. Sai wajen wata na uku zuwa na huɗu kumburin ya gama tafiya, haɓa ta fito, 'yar madaidaiciya, ba abin da za a tsaya kallo. Baƙin da ba su san labari ba ba su ga komai ba. Waɗanda suka sani suka ce ta rame, wasu suka ce ta yi ƙiba. Wani ɗan wuri a ƙasan leɓenta, kamar faɗin kwabo, bai farfaɗo da wuri ba, don haka in tana ɗanɗana miya sai ɗigo ya tsaya a wurin ba ta sani ba, kuma duk rumfar ba mai ƙarfin halin gaya mata sai Malam Ƙasimu in ya zo cin rana. Shi ma ba ya magana, haɓarsa kawai yake taɓawa.

Bayan babbar salla ta 2002 mahaifiyarta, Inna Mero, ta zo daga Maraɗi ganin likitan ido. Tsohuwa ce da hazo ya rufe mata gani, sai ta matso da fuska dab take gane mutum. An gargaɗi kowa kada a faɗa mata zancen haɓa. Tana sauka daga mota Balkissa ta durƙusa gaishe ta, tsohuwar ta kama fuskarta da hannu biyu kamar yadda ta saba, ta shafa goshi, ta shafa kunci, yatsunta suka sauka ƙasa suka tsaya.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji ta. "Ina kika kai haɓar ubanki?"

Balkissa, wadda ta tsaya gaban liman da rabin unguwa ba ta ji ɗar ba, ta sauke idonta ƙasa. Inna Mero ta ce duk dangin mahaifinta haka suke, shi da 'yan'uwansa mata da kakarsu, kuma da wannan fuskar ta gan shi a kasuwa ta ce ta yarda. Tun da ya rasu, in ta yi kewarsa fuskar Balkissa take shafawa. Ta faɗi haka ba kuka ba faɗa, sannan ta tambaya ko an ba Balkissa tsohuwar haɓar ta ajiye. Da aka yi mata bayani cewa ba a cire komai ba, ɗorawa aka yi, tana nan a ƙasa, sai ta sake shafawa, ta danna da babban yatsa.

"To, ba laifi tunda tana ciki," ta ce. "Ku ba ni ruwa."

Ta yi wata biyu a Agege, aka wanke mata ido ɗaya. Da ta fara gani sosai ta ce Legas ta fi kyau lokacin da ba ta ganinta. Kullum tana zaune a rumfa kusa da 'yarta tana gyaran zogale, kuma ita kaɗai ce na taɓa gani ta ce wa Balkissa ta rage murya ta rage. Da za ta koma, Abdoulaye ya raka ta har gida, Balkissa ta cika mata buhu da leshi da garin rogo da turaren Malam Ƙasimu, wanda tsohuwar ta ce warinsa yana sa ta atishawa amma za ta rabar.